Inda Ake Samun Wasan Dandamali da Nishaɗin Gargajiya a Birnin Kano

Wasannin da ake yi a gaban jama'a ido da ido, na kwaikwayo ne ko kiɗa da rawa ko dambe ko hawan dawaki, suna da yawa a Kano, sai dai ba a tara su a gida ɗaya ba. Legas tana da babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, kuma a manyan biranen Turai akwai unguwannin da gidajen wasa suka jeru, ana ɗaga labule kowane dare. Kano ba ta da irin wannan gida. Wasanninta lokaci suke bi: watan azumi, ranakun salla, kaka, zangon karatu na makarantu, da lokacin bukukuwan aure. Mazaunin unguwa irin Tudun Murtala, a Ƙaramar Hukumar Nassarawa, idan yana neman inda zai yi kallo, sanin wata da rana ya fi yi masa amfani a kan sanin adireshi. Unguwar tana da sa'ar wuri, domin ba ta da nisa da Sabon Gari inda ake dambe, haka kuma ta Bompai ana gangarawa Nassarawa GRA inda Gidan Ɗan Hausa da Gidan Gwamnati suke.

Tushen wasa a gargajiya

Tun kafin zuwan boko Bahaushe yana da wasan kwaikwayonsa, kuma dandalinsa shi ne ƙofar gida, tsakar gida, bakin kasuwa da ƙofar fada. Mafi shahara a ciki shi ne tashe, wanda ake farawa idan azumi ya kai kwana goma. Bayan an sha ruwa, yara maza da mata kan fito rukuni-rukuni, su yi shiga irin ta wanda za su kwaikwaya, da gemun auduga da tsummoki da fuska shafe da toka ko baƙin tukunya, su bi gida-gida suna wasa ana ba su hatsi ko kuɗi. Kowane wasa yana da ɗan labarinsa da darasinsa. Jatau Mai Magani yana kwaikwayon mai tallar magungunan gargajiya, Mairama da Daudu na 'yan mata ne, yana nuna zaman miji da mata, akwai kuma Macukule da Samodara da wasu da dama. A cikin birni akwai tashen manya na gwauro, wanda Nalako ke jagoranta, inda ake tsokanar mazan da aurensu ya mutu ba su sake ba.

A gidan sarauta akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, har da yanayin tafiyarsu da maganarsu, a nuna wa mai mulki abin da ba a iya faɗa masa kai tsaye. A karkara kuwa akwai kalankuwa, wadda samari da 'yan mata ke shiryawa bayan an kawar da amfanin gona. A nan ake naɗa sarki da alƙali da ɗan sanda na wasa, a kafa kotu, a ci tarar mai laifi, kowa yana dariya.

Sai kuma masu sana'ar ban dariya da nuna bajinta. 'Yan kama suna juya karatu da waƙoƙin da aka sani su mayar da su zancen tuwo da miya. 'Yan gambara suna yawo kasuwa-kasuwa da habaici da zambo. 'Yan tauri suna gwada wuƙa a jikinsu, gardawa suna wasa da kura da maciji da biri, 'yan hoto kuma suna cilla garma sama su tare ta da ƙirji. Waɗannan duka ba sa sayar da tikiti. Mai kallo shi ke yin kari gwargwadon jin daɗinsa, kuma har yau wannan ɗabi'a ta biya bayan an gani tana da tasiri a kan yadda Kanawa ke ɗaukar kuɗin shiga gidan wasa.

Daga makaranta zuwa dandamali, daga dandamali zuwa kaset

Wasan kwaikwayo mai rubutaccen labari da dandamali da labule ta makarantun boko ya shigo. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930, yana amfani da su wajen sukar zalunci da cuta a kasuwa da fada. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, daga baya aka sami Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Waɗannan littattafai sun shiga manhajar makarantu, ɗalibai suka riƙa hawa dandamali da su a ranar rabon kyaututtuka. A Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya zama Ɗanmasanin Kano, yana cikin waɗanda suka fara kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo tun yana malamin makaranta.

Zuwa shekarun 1970 da 1980 ƙungiyoyin wasa sun bazu a unguwannin birni da waje. Akwai Tumbin Giwa, da Gyaranya, da Jigon Hausa, da Tauraruwa, da wasunsu. Samari ne masu sana'o'insu da ma'aikata, sukan haɗu da yamma a harabar makarantar firamare su yi gwaji, ranar salla ko ranar wani taro su nuna wasa. Gidan talabijin na NTA Kano da kuma CTV, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, yanzu ake kira ARTV, sun buɗe musu ƙofa, wasanni irin su Kuliya suka shiga gidajen mutane kowane mako.

A gefe guda silima ta daɗe da kama 'yan kallo. An buɗe Rex a Sabon Gari a 1937, aka zo aka gina Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 duk da adawar da malamai suka nuna, sannan Plaza da Orion da Eldorado da Wapa da Marhaba suka biyo baya, fina-finan Indiya suka zama abincin dare na samari. Da na'urar ɗaukar bidiyo ta yi araha, sai ƙungiyoyin wasa suka ga hanya. A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa a Kano. Kafin shekara goma masana'antar ta kafu, har mujallar Tauraruwa ta raɗa mata suna Kannywood a 1999.

Wannan nasara ita ta kwashe wa dandamali mutanensa. Ɗan wasan da zai yi wata guda yana gwaji domin dare ɗaya ya gane cewa kaset ɗaya zai kai shi Maraɗi da Kumasi da Jidda, ya kuma kawo kuɗi. Mafi yawan fitattun 'yan fim na farko, irin su Ibrahim Mandawari, daga ƙungiyoyin dandamali suka fito. Matan aure da ke cikin kulle, waɗanda da ma ba sa zuwa gidan wasa ko silima, sun sami kallo a ɗakunansu. Daga nan wasan dandamali ya koma hannun makarantu da hukumomin al'adu da ƙungiyoyin wayar da kai.

Inda dandamali ya rage

Wanda yake son ganin cikakken wasan kwaikwayo, mai kashi-kashi da fitowa-fitowa da hasken fitilu, Jami'ar Bayero ce wurin da ya fi tabbas. Jami'ar tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo da fasahar dandamali, kuma nuna wasa a gaban jama'a yana cikin abin da ake ba ɗalibai maki a kai. Saboda haka wasanni sukan yawaita idan zangon karatu ya doshi ƙarshe, wasu da Hausa, wasu da Ingilishi. Ƙungiyoyin Hausa na jami'ar da na kwalejojin ilimi na Kano suna shirya Makon Hausa, inda ake haɗa wasan kwaikwayo da kacici-kacici da gasar waƙa da nunin tufafi da abincin gargajiya. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda aka faro a kafofin sada zumunta a 2015, ita ma ta zama ranar irin wannan taro. Mai iya tafiya Zariya zai tarar da gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa a tsarin gidan Bahaushe a tsakiyar shekarun 1970. Daga can ne salon kai wasan kwaikwayo ƙauyuka domin tattauna matsalolin manoma ya yi ƙarfi a Nijeriya, kuma ƙungiyoyin kiwon lafiya suna amfani da shi har yau wajen faɗakarwa a kan rigakafi da tsafta.

Gidan Ɗan Hausa, a Nassarawa GRA, shi ne mafi kusa da mutanen Tudun Murtala cikin wuraren al'adu na gwamnati. Nan ne gidan Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda ƙwarewarsa a harshen. Yanzu gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma a ƙarƙashinta 'yan rawar ƙoroso na jiha suke. Ƙoroso rawa ce ta maza da mata bibbiyu, da kacau-kacau a ƙafa, ana busa sarewa ana kiɗa, 'yan rawa suna lanƙwasa jiki suna ɗaga juna. An tsara ta ne a shekarun 1970 daga raye-rayen Hausa da Fulani, ta zama abin da Kano ke fita da shi bukukuwan al'adu na ƙasa. Ba kullum ake yin ta ba. An fi ganin ta idan an yi manyan baƙi, ko a bikin gwamnati, ko idan wata makaranta ko ƙungiya ta nemi a shirya mata.

A cikin ganuwa akwai Gidan Makama, daura da fadar sarki, wanda tarihinsa ke komawa ga Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Gidan tarihi ne na ƙasa, kuma farfajiyarsa takan karɓi nune-nunen al'adu da kiɗan gargajiya. A kan titin fadar sarki kuma, ofishin British Council ya daɗe yana karɓar wasanni da karatun waƙoƙi. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, tsohon gidan Malam Aminu Kano da ke hannun Jami'ar Bayero, yana da babban zaure mai sunan Sa'adu Zungur, inda ake ƙaddamar da littattafai da tarukan da akan saka gajeren wasa ko waƙa a tsakani. Marubutan Kano kuma, ta reshen jiha na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, sun saba haɗuwa a karanta gajeren labari ko waƙa a gaban jama'a a yi sharhi, kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello yana cikin wuraren da ake irin wannan zama.

Hawan salla

Babu kallon da ya kai hawan salla tara jama'a a Kano, kuma kyauta ne ga duk wanda ya sami wurin tsayawa. Ranar salla sarki kan dawo daga filin idi na Ƙofar Mata a kan doki, ya tsaya a Gidan Shettima su gaisa da gwamna. Washegari ake Hawan Daushe, da la'asar, inda sarki ke zagaya unguwannin birni ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya dawo Ƙofar Kudu. A nan hakimai ke wucewa ɗaya bayan ɗaya da tawagarsu, kowa da irin adonsa, a ƙare da jafi, mahaya su sako dawaki a guje su ja linzami a gaban sarki suna jinjina. Rana ta uku Hawan Nassarawa, wanda ya fi sauƙin kallo ga mazauna gabashin birni, domin sarki kan fito daga ganuwa ya je gidansa na Nassarawa da Gidan Gwamnati, ya bi ta Sabon Gari ya koma fada. Ana rufewa da Hawan Ɗorayi ko Hawan Fanisau.

Mai kallon da ya san tsarin jerin ya fi more shi. Akwai 'yan bindiga masu harba bindigar gargajiya, da 'yan sulke, da 'yan lifidi da dawakinsu ke sanye da kariya mai kauri, da zagage masu tafiya a gaban dokin sarki, da dogarai cikin ja da kore. Kakaki da algaita da tambari su ke sanar da isowar sarki tun kafin a hango laima. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk da haka wani lokaci akan fasa hawan: annobar korona ta hana shi a 2020, kuma tun da rikicin sarautar Kano ya taso a 2024, 'yan sanda sun hana shi a salloli fiye da ɗaya.

A ranakun salla gidan namun daji na Audu Bako da ke titin Zoo yakan cika da iyalai, mawaƙa da 'yan barkwanci kuma sukan shirya wasan salla a filaye da zaurukan taro. A watan Rabi'ul Awwal akwai Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da jama'a ke hawa Dutsen Dala. Akwai kuma Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shaikh Nasiru Kabara ya assasa, inda muridai ke jerin gwano da tutoci da bandiri. Waɗannan biyun tarukan addini ne, masu yin su ba sa kiran su wasa, kuma wanda ya je gani ana sa ran ya kiyaye ladabin wurin.

Dambe, biki da gala

Abin da ya fi kusa da gidan wasa mai buɗewa a kai a kai shi ne gidan dambe. Na Ado Bayero Square da ke Sabon Gari shi ne sananne, ana biyan kuɗin shiga a ƙofa, a fara da yamma a tashi kafin dare ya yi nisa. 'Yan dambe sun kasu ɓangare uku: Kudu, Arewa da Guramada. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan ya bar shi na kariya, a yi turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, idan kuwa ba wanda ya faɗi sai a ce babu kisa. Rabin daɗin dambe yana wajen makaɗa da kirari. Kafin a sa zare, mai kalangu zai kama taken ɗan wasa, shi kuma ya fito yana tsuma yana kirari, 'yan kallo suna liƙi. Da irin wannan fage ne makaɗi Ɗan'anace ya ɗaukaka sunan ɗan dambe Shago har ya zama karin magana. Da can dambe sana'ar mahauta ce ta lokacin kaka, yanzu kuwa ana yin ta kusan duk shekara, ana kuma yaɗa ta a YouTube da Facebook.

Kiɗa na ido da ido ya fi rayuwa a gidan biki. A wajen kamu da wunin mata ana kiran masu kiɗan ƙwarya da amada, salon da Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada suka yi fice a kai. Naɗin sarauta yana tara makaɗan kotso da taushi da 'yan ma'abba. Mawaƙan zamani na situdiyo suna zuwa liyafar aure a zaurukan biki da suka yawaita a Nassarawa GRA da kewaye, sha'irai kuma suna da majalisi, inda ake kwana ana yabon Annabi. Yawancin waɗannan da gayyata ake shiga, ko da yake na ƙofar gida kowa na iya tsayawa.

Akwai kuma gidajen gala, inda matasa ke hawa dandamali suna rawa da kwaikwayon waƙoƙin fim, a tsakani a saka gajeren wasan barkwanci. Su ne suka gaji wani ɓangare na aikin tsofaffin ƙungiyoyin wasa, amma sunansu bai yi kyau a idon iyaye da malamai ba, kuma hukuma ta sha rufe su ko soke lasisinsu.

Doka da tsaro

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a 2000, an kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, sannan aka ba Hukumar Hisbah doka a 2003. Mai shirya wasa a bainar jama'a yana bukatar izini, kuma abin da aka fi sa wa ido shi ne cakuɗuwar maza da mata, da irin shiga, da lokacin tashi. Yadda jama'a ke kallon harkar ya fito fili a 2016, lokacin da gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji bayan malamai sun yi suka.

Tsaro ma ya rage fitar dare. Harin da aka kai birnin ranar 20 ga Janairu 2012 ya jawo dokar hana fita ta tsawon lokaci, a 2013 aka hana acaɓa, a 2022 kuma aka hana a-daidaita-sahu zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare. Ko tashe bai tsira ba, domin a 'yan shekarun nan 'yan sanda sun sha dakatar da shi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna ƙwacen waya. Wannan ya sa yawancin wasanni suka koma tsakanin la'asar da isha.

Yadda ake samun labari

Kano ba ta da wata mujalla ko allo da ke jera wasannin mako. Rediyo shi ne babbar hanya: Freedom Radio da Rediyon Kano da sauran tashoshin FM suna sanar da wasan salla, da gasar dambe, da jadawalin hawa idan masarauta ta fitar. Fastocin da ake mannawa a shataletale da bayan a-daidaita-sahu suna biye. Sassan jami'a da ƙungiyoyin marubuta sun fi sanarwa a Facebook da zaurukan WhatsApp, sau da yawa kwana kaɗan kafin ranar. Wasannin Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama kuwa, zuwa a tambayi ma'aikata ya fi komai.

Jadawalin shekara a taƙaice shi ne: tashe daga goma ga azumi, hawa da wasannin salla a Shawwal da Zulhajji, Takutaha da majalisai a watan Mauludi, kalankuwa da kokawa a ƙauyukan kewaye bayan girbi, kasuwar baje koli ta titin Zoo da makaɗa da masu barkwanci ke halarta a ƙarshen shekara, wasannin ɗalibai a ƙarshen zangon karatu, dambe kuma kusan kowane lokaci. Mai zuwa hawa ya fita da wuri domin ana rufe tituna, mai zuwa dambe ko wajen makaɗa ya tanadi canjin liƙi, mai zuwa da iyali kuma ya tambaya tun daga gida ko an ware wa mata da yara wurin zama.